Mata da Miji a Kwamitin Lakwal: Gida Ɗaya, Kujera Biyu

 Gaisuwa ga mutanen Garazu, da sauran garuruwa da rugage na ƙaramar hukumar Alakos. Gaisuwa ga 'yan'uwa na Gure, da duk wanda muryarmu ta iske a jihar Damagaram. Uwargida da ke bakin murhu, a ɗan ƙara muryar rediyo. Maigida da ke kan tabarma, a matso kusa. Shirin yau na ku biyun ne.

Ga tambayarmu. An yi zaɓen iyaye a lakwal, wato makarantar boko. Maza sun zaɓi mutum, mata kuma sun zaɓi matarsa. Yanzu ga su nan su biyu a kwamiti ɗaya. Ya dace, ko bai dace ba?

Ba zan ja muku rai ba. A ganina ya dace, har ma wani lokacin shi ya fi. Amma da sharaɗi. Kada gida ɗaya ya riƙe sa hannu, ya kuma riƙe akwatin kuɗi. Kuma kada muryar matar ta ɓace a cikin ta mijin. Ku riƙe waɗannan biyun, za mu komo kansu.

Bari mu fara da kwamitin kansa, don kowa ya san abin da muke magana a kai.

Babbar dokar ilimi ta Nijar ta fito ranar 1 ga watan Yuni na 1998. Ta raba nauyin makaranta tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye. A 2003 aka shiga tsarin raya ilimi na shekara goma, wanda ake kira PDDE. A zamaninsa ne aka shimfiɗa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda kowa ya sani da suna Kojes. A 2012 an sake musu suna a takarda, suka koma CGDES. A bakin jama'a dai har gobe Kojes ne.

Abu uku ne a kowace lakwal, kuma mutane kan haɗa su wuri guda. Akwai ƙungiyar iyayen yara, APE. Akwai ƙungiyar iyaye mata, AME. Sai kuma Kojes, inda wakilan iyaye da wakiliyar mata suke zama da darakta. Darakta ne magatakarda, shi ke riƙe alƙalami. Shugaba da ma'aji kuwa daga cikin iyaye suke fitowa.

Yaya ake samun waɗannan wakilai? A da, mai gari ko wani babba ne zai nuna mutum da yatsa, magana ta ƙare. A 2004, wani shiri na hukumar JICA ta ƙasar Japan, mai suna Lakwal don Kowa, ya soma aiki a jihar Tawa. Ya kawo zaɓe ta ƙuri'ar sirri. Daga Tawa ya zo Damagaram, a 2007 kuma tsarin ya game ƙasa baki ɗaya. Ƙuri'ar sirri ita ce ka jefa abin da ke ranka, ba mai ganin hannunka. Ko mijinki ba zai gani ba, uwargida.

Aikin kwamiti kun san shi, don da hannunku kuke yin sa. In watan Oktoba ya kama, ku ne kuke kafa runfunan aji da karan gero da zana. Ku kuke gyara bencin da ya karye. Ku kuke tara kuɗin alli da na randar ruwa. Inda akwai kantin, wato wurin dafa wa yara abinci, ku kuke sa ido a kan buhuna. Duk wannan ana tsara shi a babban taron gari, a rubuta shi. A ƙarshen shekara a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka yi da abin da ya gagara.

To, wannan ke nan game da kwamiti. Yanzu sai kashi na biyu: me ya sa mata da miji suke haɗuwa a ciki, kuma ina amfanin haka?

Sau da yawa ba wani shiri aka ƙulla ba. Gari ƙarami ne. Waɗanda suka iya karatun boko da lissafi a takarda ba su da yawa. Maza suka duba, suka ga wane ya iya. Mata suka duba, suka ga wance ta kai aji shida kafin a yi mata aure. Aka tashi, ashe gidansu ɗaya. In muka ce haramun ne su zauna tare, a wasu garuruwan mun kori rabin masu iya riƙe littafin kuɗi.

Amfani na farko shi ne izini. Mu faɗa wa juna gaskiya. Mata da yawa an zaɓe su, amma ba sa zuwa taro. Ba ƙi suka yi ba. Maigida ne bai san me ake yi a can ba, ransa bai kwanta ba. In shi ma yana cikin kwamitin, wannan damuwa ta kau. In aka kira horo a Garazu ko a Gure, tafiyar da za a kwana, tare za su hau mota. Ba mai cewa uffan.

Amfani na biyu ya fi wannan girma, kuma ya shafi 'ya'yanmu mata. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa a Nijar, cikin 'yan mata 100, wajen 76 ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya da tallafa mata muddin tana karatu. Amma doka tana Yamai. Wa zai kai ta zauren gidan da ake shirin ɗaura aure?

Ku ɗauki misali. Yarinya 'yar aji biyar ta yi mako ba ta zo lakwal ba. Malaminta ya faɗa wa kwamiti. Namiji ba zai kutsa cikin gidan mutane ba, iyakarsa zaure. Mace kuwa za ta yi sallama ta shige har bakin turmi. Ta karɓi taɓarya ta taya daka. Ana daka ana hira. Kafin a sheƙe gero ta ji komai: ko ɗiban ruwa ne ya hana yarinyar, ko rainon ƙanenta, ko kuwa an kawo kuɗin gaisuwa. Da dare ta faɗa wa mijinta. Da asuba, an fito masallaci, shi kuma ya ja uban yarinyar gefe. "Malam, ina son mu ɗan zanta." Ba a tara masa jama'a ba, ba a kunyata shi ba. Ita ta shiga ta wajen uwa, shi ya shiga ta wajen uba, duk a kwana ɗaya. Mutum biyu da ba gidansu ɗaya ba, sai sun jira ranar taro kafin su haɗa abin da suka ji. Kafin nan wataƙila an riga an raba goro.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A nan jihar Damagaram aka fara makarantun mazaje, da taimakon hukumar UNFPA. Magidanta suna zama suna tattauna lafiyar matansu, su ƙarfafa zuwa awo da haihuwa a likita. Abin da aka gane a can shi ne, in maigida ya fahimci abu, hanyar matarsa ta buɗe. Haka yake a sha'anin lakwal.

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan mata da miji a kwamitin lakwal. Mun ga amfaninsa. Yanzu kashi na uku, kuma a nan za mu daɗe: maganar kuɗi.

Mata, ku kuka fi kowa sanin wannan darasi. Tun 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi, ya bazu ko'ina. Ku tuna akwatin asusu mai kwaɗo uku. Mabuɗi uku, a hannun mata uku. Akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Me ya sa? Don an ɗauke su ɓarayi? A'a. Don kada wata ta iya buɗewa ita kaɗai, kuma kada a zarge ta in lissafi ya ƙi cika. To, a ce mabuɗan nan duka a ɗaki ɗaya suke kwana. Kwaɗon yana nan, amma amfaninsa ya tafi.

Haka kuɗin kwamiti yake. Shugaba ne ke ba da izinin a kashe. Ma'aji ne ke fitarwa. An raba aikin biyu da gangan, don kowa ya zama shaida a kan ɗan'uwansa. In shugaba miji ne, ma'aji kuma matarsa, shaidar ta rushe. Ko da su biyun salihai ne, ta rushe.

Ku saurari yadda abin ke faruwa. A ce gari ya tara jika hamsin don runfuna da alli. Akwati yana ɗakin uwargida. Wata rana da tsakar dare yaro ya kama zazzaɓi mai zafi. Babu ko dala a gida. Maigida ya ce, "Ɗauko jika biyar a ciki, ranar kasuwa in na sayar da akuya sai mu mayar." Wace mace ce za ta ce a'a, ɗanta yana kwance? Ta ɗauko. Ba a rubuta ba, don ai za a mayar. Ranar kasuwa akuya ba ta yi daraja ba. Aka ɗaga sai wani mako. Kafin nan wata larurar ta taso.

Ba wanda ya yi niyyar cin amana a labarin nan. Amma ranar babban taro, darakta ya karanta lissafi, wani dattijo ya ce a ƙirga abin da ke akwati a gaban jama'a. Aka ƙirga, aka ga giɓi. Wuri ya yi tsit. Daga ranar, in an zo karɓar kuɗin lakwal, sai ka ji ana cewa, "Mu ba wa? Mu kai gidan wane?" Shekara mai zuwa runfa ba za ta tashi da wuri ba. Yara ne za su zauna a rana.

Wani zai ce, to in ba su taɓa ko tamma ba fa? Ko hakan ne, ba su tsira daga bakin mutane ba. Uwargida ta ɗaura sabon zane ranar salla, da kuɗin ƙuli-ƙulinta ta saya, amma sai an yi ƙus-ƙus. Mun san zato zunubi ne. Sai dai mai hankali ba ya zama inda za a zarge shi, alhali yana da wurin matsawa.

Me ya sa nake nauyaya wannan magana haka? Saboda kwamiti ba shi da wani ƙarfi sai yardar jama'a. Bari in ba ku hujja. A ƙarshen 2007 an yi wani gwaji a jihohin Tawa da Damagaram. An ɗauki makarantu 1000, aka ba kwamitocin 500 daga cikinsu tallafin kuɗi, kusan dalar Amurka 200 kowace makaranta. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, suka bi sawun abin da ya biyo baya. Iyaye sun ƙara himma, sun ƙara sa hannu a sha'anin lakwal. Amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba. Fashin malamai ma ɗan ƙaruwa ya yi. Iyaye suna so, amma ba su da iko a kan malami. Kun ji ke nan. Kwamiti ba ya biyan albashi, ba ya sauya wa malami wurin aiki. Abin da yake da shi kawai, in ya yi magana gari yana bayansa. Ranar da gari ya fara kallon kwamiti a matsayin dukiyar gida ɗaya, ko wannan ɗin ya kuɓuce.

Saboda haka ga ƙa'idar, zan faɗe ta sau biyu. In ɗaya shugaba ne, ɗayan kada ya zama ma'aji. In ɗaya shugaba ne, ɗayan kada ya zama ma'aji. Haka kuma in ɗaya yana riƙe da kuɗi, ɗayan kada ya zama mai binciken kuɗi. Miji ba zai binciki littafin matarsa a madadin gari ba. Ita ma ba za ta binciki nasa ba. Inda akwai kantin, mabuɗin ɗakin abinci da littafin fitar da abinci kada su kwana gida ɗaya.

Ba sai kun jira takarda daga sama ba. Babban taron gari yana iya tsayar da wannan a dokokinsa na cikin gida. Ku tsayar da ita kafin zaɓe, tun ba a san wa zai ci ba. In kuka bari sai bayan zaɓe, za a ce da wane kuke.

Mu shiga kashi na huɗu: maganar murya.

Tarbiyyarmu ta koya wa mace kunyar mijinta a gaban jama'a. Wata ko sunansa ba ta faɗa. Wannan abin mutuntawa ne, ba na zo in rushe shi ba. Amma ku duba abin da yake haifarwa a taro. Iyaye mata sun zauna, sun ce babbar damuwarsu ita ce babu makewayi na 'yan mata. Yarinya in ta fara girma, ba za ta zagaya bayan aji yara maza suna kallo ba. Sai ta koma gida, gobe kuma ta ƙi zuwa. Suka aiko wakiliyarsu da wannan saƙo. A taro, mijinta ya riga ta magana. Ya ce shi a ganinsa a fara da shingen makaranta, saboda dabbobi suna cinye zana. Aka juyo gare ta. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ce, "Abin da Malam ya faɗa shi ne."

Shi ke nan, saƙon mata ya mutu a hanya. An ƙirga ƙuri'a biyu, alhali ra'ayi ɗaya aka ji.

Uwargida, ki ji da kyau. Kujerar nan da kike kai ta matan da suka zaɓe ki ce. Aike suka ba ki. Ɗan aike kuwa ba ya rashin kunya in ya isar da saƙo. Akwai lafazin da zai fisshe ki: "Iyaye mata sun ce in faɗa muku." Kin ga ba ki yi jayayya da kowa ba. Kin sauke nauyin da aka ɗora miki.

Maigida, kai ma naka ya fi nata. Tun a gida ka ce mata, "In mun je can, faɗi abin da mata suka aiko ki, ko da ya saɓa da nawa." Kalma ɗaya daga bakinka ta ishe ta. Kuma in ta faɗa, kada a dawo gida ka ɗaure fuska, ka ƙi cin tuwo. In ka yi haka sau ɗaya, ba za ta ƙara buɗe baki ba.

Shugaban taro, ga naka. Ka fara ba wakiliyar mata dama kafin mijinta ya yi magana. In batu ya yi zafi, a koma ga ƙuri'ar sirri. Ga waɗanda ba su yi karatu ba, a ba kowane ra'ayi launinsa, kowa ya shiga bayan zana ya jefa.

Akwai kuma akasin haka, kada a ce na kare mata kawai. Wani gidan, matar ce mai kaifin baki, mijin sai gyaɗa kai. Wani gidan kuma su biyun sun gama yanke shawara tun a ɗaki, sun zo taro ne kawai su sanar. Sauran 'yan kwamiti su ga zamansu ba shi da amfani, su daina zuwa. Tattaunawa a gida ba laifi ba ce, ai mun ce ita ce amfanin zamanku tare. Amma hukunci a taro ake yanke shi.

Sai sirri. Kwamiti yana jin abubuwan da ba na kowa ba: gidan da ya kasa biyan kuɗi, yarinyar da ta shiga matsala. Ku biyu kuna da izinin ji. Abokiyar zamanki ba ta da shi, 'yan majalisarka ma haka. A gidan da mata suke biyu ko uku, ku lura da inda kuke zancen, katangar zana ba ta tare magana. Tun da mun taɓo gidan mata da yawa, ga wani abu a gurguje. In za a raba littattafai ko wani tallafi, idon gari yana kan yadda za a yi da 'ya'yan kishiya. A bi jerin sunayen da malami ya rubuta, kowa ya huta.

In kuma ƙara ta taso tsakanin malami da ɗanku na cikinku, ku biyun ku tashi ku ba da wuri. Sauran su yanke. In an gama a kira ku.

Kashi na ƙarshe gajere ne, amma ya shafi ƙasarmu ta Alakos ƙwarai. Mu mutanen noma ne da kiwo. An gama girbi, wasu sun tafi cin rani. Wasu sun bi dabbobi neman ciyawa da ruwa. Shekarar karatu kuwa a daidai wannan lokacin take tsakiyarta. In mutum ɗaya ya tafi, kujera ɗaya ce ta zama wayam. In gida ya tashi gaba ɗaya, kujera biyu ke nan a rana ɗaya. A kwamitin da bai wuce mutum shida ko bakwai ba, wannan babban giɓi ne. Haka in rasuwa ta faru a danginsu, ko biki mai nisa, tare za su tafi. In saɓani ya shiga tsakaninsu har ta yi yaji, ɗaya ba zai so zama inda ɗayan yake ba.

Don haka ranar zaɓe ku tambaye su a fili: kuna nan har ƙarshen shekarar karatu, ko kuna da tafiya? Ba cin fuska ba ne, tambayar aiki ce. Ku zaɓar wa kowannensu mataimaki daga wani gida, in da hali daga wata unguwa ko wata ruga. Wanda zai yi tafiya ya miƙa littafi da mabuɗi a gaban darakta da shaidu biyu. A ƙirga abin da ke akwati, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sannan a ɗaura kaya.

A nan za mu dakata a shirin yau. Sai wani makon in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.